Takardar Farko ta Ilyasu

Sau uku matar ta sa shi ya ɗora yatsunsa a kan ɗan gilashin nan mai koren haske, sau uku na'urar tana yin ƙara iri ɗaya. A na huɗu ba ta ce ya ɗora ba. Ta zare tabarau, ta dubi allon da ke gabanta, ta dube shi, ta sake duban allon.

"Zakariya'u Wada?"

"Ni ne, Madam."

"An haife ka a Maraɗi, shekarar saba'in da tara? Sunan mahaifiya Tsahara?"

"Haka ne."

"To, Malam, kai ai ka rasu."

Malaman makarantar da ke layi a bayansa suka tuntsure da dariya. Tun hantsi suke tsaye a wannan biro, ofishin tantance ma'aikata, zafin bazara ya gasa su, kowa neman abin dariya yake yi. Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya jiƙanka, abokin aiki! Wa ka bar wa babur ɗin?"

Matar ba ta yi dariya ba. Ta juyo masa da allon. Hoton wani tsohon shafi ne, takardar ta yi ja, rubutun hannu ya kwanta gefe guda. Ta bi layin da bakin biro tana karantawa: Zakariya'u Wada, ɗan Tsahara, shekara biyar, ƙyanda, asibitin Tibiri, watan huɗu na shekarar tamanin da huɗu.

"Bara aka kwashe tsofaffin rajistoci duka aka zuba a wannan na'ura, ordinatar," in ji ta. "Na haihuwa, na mutuwa, na aure. Da can kowane littafi yana kwance a ɗakinsa, ba wanda ya san abin da ke cikin ɗan uwansa. Yanzu sun haɗu suna gaisawa. Wannan ya ce an haife ka, wancan ya ce an rufe ka. Ni ba ni da ikon in biya mamaci aiki, ko in bar shi gaban yara."

"Amma ga ni tsaye, Madam."

"Na gan ka. Ita ce ba ta gan ka ba." Ta nuna na'urar da haɓa. "Wata guda gare ka. Ka kawo hukuncin alƙali, ko a cire sunan. Na gaba!"

Ya tattara takardunsa ya fito. Bai yi musu ba, domin babu abin musu. Ya san yaron da ke cikin wannan layi. Yayansa ne.

*

Sunansa na yanka Ilyasu. A gida aka haife shi, a Tibiri, tsakiyar damina, ubansa Wada yana gona. Zuwa a rubuta haihuwar ba ya wuce tafiyar da mutum zai yi ya dawo kafin tuwo ya huce, amma Wada ya ce sai an gama noma, daga nan ya ce sai an yi girbi, daga nan maganar ta mutu. Wada ba mugu ba ne. Mutum ne irin dubban mutanenmu, da zai yi tattaki har Dakwaro ta'aziyya amma ya kasa taka ƙofar biro saboda ɗansa.

Yayan, Zakariya'u, shi ya zo duniya da takarda, don naƙudar ta yi tsanani har aka kai Tsahara asibitin Maraɗi. Ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara biyar. Takardar ta ci gaba da kwanciya a ƙasan adaka, tsakanin zanen salla da kwalbar turare.

Da shekarar ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, ta zo, darekta, shugaban makarantar, ya ce ba takarda ba shiga. Wada ya shiga ɗaki ya fito da ta marigayin. Ya durƙusa gaban Ilyasu, ya kama kunnensa a hankali ya ce, "Idan anka kira Zakariya'u, kai ne. Ka ji ko?" Ya ji. Ba shi kaɗai ba ne. A ajinsu akwai wanda ke amsa sunan ƙanin babansa, akwai mace mai amsa sunan yayarta da ke gidan miji. Kowa ya sani, har darektan, kuma ba wanda ya ɗauki abin laifi. Dabara ake ce masa.

Da wannan suna ya ci jarrabawar satifika, ya ci ta birebe, ya shiga makarantar horon malamai. Da shi aka rubuta aurensa, shi ne a takardun 'ya'yansa biyar. Shekara ashirin da ɗaya yana koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki a Jiratawa, kullum yana tuƙa babur daga Sabon Gari ya ratsa ta gefen fadamun zogale da albasa. A makaranta Zakariya'u ne, a Tibiri Ilu ne. Ya saba da abin kamar yadda mutum ke sabawa da takalmin da ya ɗan matse shi. Wani lokaci idan yana cika takarda, ya zo wurin ranar haihuwa, hannunsa kan tsaya kaɗan, sannan ya wuce.

Maijidda, matarsa, tana tsakar gida tana tsince shinkafa ya shigo. Ta saurare shi har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"To ka faɗi gaskiya mana, Baban Fadila. Ka ce kai ne Ilyasu, su ba ka taka takardar."

"Na tambaya. Za su ba ni, ba wuya. Amma Ilyasu bai taɓa shiga aji ba. Ba shi da satifika, ba shi da birebe, bai taɓa aure ba. Sannan sai ya yi bayanin yadda aka yi ya ci albashin mamaci shekara ashirin da ɗaya."

Ta ajiye faifan.

"Ke nan ni matar wa ce?"

"A takarda? Matar yaro ɗan shekara biyar."

"Ka daina, ba na son irin wannan wasa." Sannan ta ce, "Fadila za ta zauna jarrabawa bana. Sunan uba za su duba su ma?"

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya zuba wa tsakuwoyin da ta tsince ido.

*

Washegari ya je Jiratawa. Darekta ya tare shi a bakin aji, yana ta ba shi haƙuri, ya ce saƙo ya shigo wayarsa tun jiya: kada Zakariya'u Wada ya sa hannu a rajistar zuwa aiki sai an warware. Aka raba yaransa gida biyu aka cusa su a azuzuwan da dama sun cika. Ta taga ya hango allonsa, lissafin da ya bari ranar Litinin yana nan ba a goge ba. Ya juya babur ya koma gari.

A ƙofar kotu akwai wata bishiyar dogon yaro, ƙarƙashinta benci biyu da tebur mai ƙafa uku da dutse. Nan Tanimu yake zama. Ba ma'aikaci ba ne, ba lauya ba ne, amma duk wanda takarda ta shaƙe a garin nan sai an ce masa ya je ya ga Tanimu. Ƙato ne mai ƙaramar murya, da wayoyi biyu a aljihun gaba. A bencin da ke bayansa tsofaffi huɗu ne ke gyangyaɗi, kowanne da katin shaidarsa a aljihu. Sana'arsu shaida. Sun halarci haihuwar mutanen da suka girme su, sun raka gawar mutanen da ba su taɓa gani ba.

Tanimu ya saurari labarin yana sakace haƙori.

"Kai ne na tara a wannan wata," ya ce. "Tun da aka zuba littattafan nan a na'ura, matattu ke ta tashi suna kama ƙannensu. Kwantar da hankalinka, Metir, malamin lakwal. Abin naka mai sauƙi ne."

"Ta yaya?"

"Yara nawa Tsahara ta haifa a wancan lokaci? Biyu. Nawa suka mutu? Ɗaya. To wa ya ce babban ne? Malamin asibiti. Ina malamin asibitin? Yana lahira. Sai mu ce ya yi kuskure. Ƙaramin ne ya rasu, Ilyasu, shi kuma ya rubuta sunan babban. Alƙali ya gyara layi ɗaya, na'ura ta ga layi biyu sun daina faɗa, shi ke nan."

"Ilyasun ai ni ne."

"A ina?" Tanimu ya buɗe tafukan hannunsa. "Nuna mini inda yake. Ka ga, Metir, kai mai ilimi ne, amma bari in koya maka abin da ba a koyarwa a lakwal. Idan ka je wa likita, jininka zai duba ya ce kai ne wane. Idan ka je wa malami, niyyarka zai tambaya. Tsohuwarka ko cikin duhu ta ji tarinka ta san kai ne. Ita kuwa wannan aba ba ta san jini ba, ba ta san tari ba. Abu ɗaya ta iya: wannan rubutu da wancan, sun yi daidai ko ba su yi ba. Ka ba ta daidai ta ƙyale ka."

Ilyasu ya dubi tsofaffin. Ɗaya ya farka yana korar ƙuda daga bakinsa.

"Shaidu ga su nan," in ji Tanimu. "Amma su kaɗai ba sa isa a irin wannan. Alƙalin yanzu yana son uwa, idan tana da rai. Tana da rai?"

"Tana nan."

"To kawo ta ranar Alhamis ta sama. Kalma biyu za ta faɗa. Wannan Zakariya'u ne, wanda ya mutu Ilyasu ne. Ko akuya za ta iya."

Ilyasu ya miƙe. A ransa ya so ya ce masa wani abu game da akuyar, amma ya ga cewa mai neman a yi masa ƙarya ba shi da bakin koya wa wani ladabi. Ya ce, "Sai Alhamis ɗin."

*

Kwana biyar ya yi yana ɗaga zuwa Tibiri. Ranar da ya je, ya tarar da Tsahara a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai, idon hagu ya yi fari, amma tun kafin ya kashe babur ta ce, "Ilu ne? Yau ba lakwal?"

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi Maijidda da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo masa fura. Sai da ya shanye, ya rasa abin da zai ƙara riƙewa a hannu, sannan ya fara. Ya yi mata bayanin littattafai da na'ura a hankali, yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Ta gane tun kafin ya kai rabi.

"Aikin ubanka ne ya biyo ka," ta ce. "Na hwaɗa mishi tun ran nan, a bar yaro shi kwanta da abinshi. Ya ce takarda ce, mi takarda za ta yi."

"Yanzu ta yi, Inna."

"To mi kake so gare ni?"

Ya faɗa mata. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

"In ce kai ne ka mutu."

"A takarda kawai."

"Haka shi ma ya ce." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya, ta juya ta, ta mayar. "Ni na yi mishi wanka, Ilu, na gabanka. Jikinshi duk ƙuraje. Kai kana bayana kana kuka. Shekara arba'in ina sa shi cikin addu'a. Yanzu in tashi, ƙahwata guda cikin rami, in tahi gaban hukuma in ce ba shi ne ba? In rufe guda da hannuna, in rufe na biyu da bakina?"

"Inna, aikina ne. Idan aka cire ni, ban san abin da zan iya ba. Ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba. Alli na iya. Ga Fadila da jarrabawa."

"Na ji wanga. Akwai wani kuma." Ta kawar da kai wajen katanga. "Sunan. Sai na hwaɗi sunan?"

Nan ne ya ga abin da bai lissafa ba, shi da ke koyar da lissafi. Zakariya'u ɗan farinta ne. Macen kirki a wurinsu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kunya ce da aka gada, kuma Tsahara ta riƙe ta da ƙarfi fiye da kowa. Yana raye "yaron nan" take cewa, da ya rasu ya zama "na gabanka". Akwai wani mai sayar da kalanzir mai wannan suna a unguwar, shekara da shekaru "mai kalanzir" take ce masa. Ilyasu ya laluba duk iya tunawarsa, bai sami rana ɗaya da ya ji kalmar ta fito daga bakinta ba. Ko takardun makarantarsa, in ya kawo mata, cewa take yi, "An kira ka da sunan nan ka ci?"

"Ko da anka sa mishi suna, ban hwaɗa ba," ta ce. "Ko da yana shure-shuren mutuwa a cinyata, na so in kira shi, ban kira ba, uwar mijina na zaune. Ya tahi bai taɓa jin sunanshi a bakina ba. Shi ne yau zan hwaɗe shi a kan ƙarya?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai. Da yana da sauran abin faɗa na gaskiya, da ya faɗa. Abin da ya rage masa shi ne abin da yake aiki, kuma ya san yana aiki, shi ya sa ya ji ƙyamar kansa tun kafin ya buɗe baki.

"Shi ya riga ya huta, Inna. Mu ne muke da ciki."

Kaji suka zo suna tsattsagar ɓawon gyaɗa a gefen ƙafarta ba ta kore su ba.

"Wace rana ce?"

"Alhamis."

"Ka zo da wuri. Ba ni son rana."

*

Ranar Alhamis ya ɗauko ta a bayan babur. Ta sa farin mayafinta na Idi, ta riƙe ƙarfen baya, ba ta taɓa jikinsa ba har suka iso.

Tanimu ya zaɓo tsofaffi biyu yana yi musu bita a gindin bishiya.

"Baba Kabo, wa ya mutu?"

"Zakari."

"Kai! Zakari ga shi tsaye. Ilyasu ne ya mutu."

"To, to. Ilyasu. Allah ya jiƙan shi. Hatsarin mota ko?"

"Ƙyanda! Na jiya ne mai mota. Ka bar goron nan ka saurare ni."

Tsahara tana tsaye tana jin su. Ta dubi ɗanta da idonta mai gani, ta ce, "Waɗanga ne 'yan uwan namu?" Ya yi kamar bai ji ba.

Ofishin alƙalin ƙarami ne, fanka tana juyawa a sama ba ta kawo komai sai zafi. Alƙalin bai kai Ilyasu shekaru ba, amma idanunsa sun faɗa. Fayiloli sun taru a gefensa har sun kai kafaɗa. A ɗan tebur na kusa sakatare yana zaune gaban na'ura. Da tsofaffin suka shigo, alƙalin ya dube su ya saki numfashi.

"Baba, kai kuma? Shekaranjiya a Madarunfa aka haife ka ka girma, yau a Tibiri."

"Yawo ya yi yawa a ƙuruciya, ranka ya daɗe."

Alƙalin bai ja maganar ba. Ya san abin da ke gabansa, ya kuma san cewa idan ya kori irin waɗannan duka, rabin malaman jihar za su kwana ba suna. Ya saurari shaidun da kunne ɗaya, sakatare ya buga. Sannan ya sa aka matso wa Tsahara da kujera, ya sassauta murya.

"Inna, sannu da zuwa. Ba zan sa ki rantsuwa ba, ke uwa ce. Tambaya biyu ce kawai. Wannan da ke tsaye, ɗanki ne?"

"Ɗana ne."

"Mene ne sunansa?"

"Shi ne na cikin takardar."

"Na sani. Amma sai kin faɗa da bakinki, sakatare abin da ya ji yake rubutawa."

Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Ilyasu yana tsaye a gefenta yana kallon jijiyoyin bayan hannunta. Ya ji saura kaɗan ya ce, ranka ya daɗe a bar shi, ni ne Ilyasu, a yi mini duk abin da za a yi. Kalmomin sun zo har bakinsa. Ya tuna da allon da ba a goge ba, ya tuna da Maijidda da faifanta. Ya haɗiye su, suka koma inda suka fito.

"Inna?" in ji alƙalin. "Akwai mutane a waje."

Ta ɗaga kai, ba ta dubi alƙalin ba, ba ta dubi ɗanta ba. Wani wuri ta duba a bango, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin ƙaramin yaro.

"Za...kariya'u."

A rarrabe ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abincin da ba ta taɓa ci ba. Muryar ba irin ta mai amsa tambaya ba ce. Kira ne, irin wanda ake yi wa yaro idan magariba ta yi yana waje. Har sakataren sai da ya ɗago.

"Madalla. Wanda ya rasu fa, a shekarar ƙyanda?"

"Ilu."

"Cikakken suna, Inna."

"Ilyasu."

Wannan bai ba ta wuya ba. Sunan da ta kira sau dubbai ne, a bakin rijiya, a ƙofar gida, a kan tuwo. Ya fito sumul, sakatare ya buga shi kafin ta rufe baki.

Alƙalin ya sa hannu, ya buga hatimi, ya jawo fayil na gaba.

*

Sai bayan azahar takardun suka fito. Tsahara ta yi salla a gefen baranda, ta zauna a kan benci, ta ƙi ruwan da ya sayo mata. Tsofaffin sun koma gindin bishiya, Tanimu ya riga ya kama wani mutum mai jar hula yana buɗe masa tafukan hannu.

Sakatare ya leƙo ta taga ya kira, "Zakariya'u Wada!"

Ilyasu ya je. Takardu biyu ne. Ta farko hukuncin alƙali, wadda zai kai wa matar biro. Ta biyu sabuwa fil, da tambarin ƙasa a sama, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya karanta. Ilyasu Wada, ɗan Wada da Tsahara, an haife shi a Tibiri, ya rasu a Tibiri yana da shekara uku. Shekara arba'in da 'yan kai yana yawo a duniya, yau ne karon farko da ya ga sunansa a rubuce a takardar hukuma.

"Sa hannu nan," in ji sakataren, ya turo masa rajista. "Nan kuma ka rubuta dangantakarka da mamacin."

Ya riƙe biron. Sakataren ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa. Ya rubuta: yayansa.

Da ya dawo wurin benci, Tsahara ta riga ta miƙe ta gyara mayafi.

"An gama?"

"An gama, Inna. Mu biya gida ki ci abinci, ki ga yara, da la'asar in mayar da ke."

"A'a. Kai ni tasha."

"Ai ga babur, ni zan kai ki har gida."

"Tasha," ta ce.

Ya kai ta. Motar Tibiri saura mutum biyu ta cika. Ya kama hannunta zai taimaka mata ta hau, ta zare a hankali, ta dafa ƙofa ta hau da kanta. Ta zauna a bakin taga tsakanin wata mai buhun barkono da wani mai kaji. Ya tsaya a waje yana jiran ta ce wani abu, ko faɗa ne, ko zagi. Ta buɗe baki, ya ga leɓenta ya ɗauko harafin da ya saba ɗaukowa, sai ya tsaya. Ta sake gwadawa ta wani gefen, nan ma ya tsaya. Direba ya tayar da mota.

"To, Malam," ta ce, "a gaida iyali."

Motar ta fita daga tasha, ta bi bayan wata tirela, ta ɓace a kwana. 'Yan kabu-kabu suna ta yi masa oda ya kauce daga hanya. Ya duba hannunsa, ya ga gumi ya fara jiƙa gefen sabuwar takardar, kusa da hatimi. Ya yi sauri ya goge tafinsa a riga, ya tsallaka wajen wani mai tebur ya sayi leda. Ya zura takardar a ciki a hankali, ya shafe ta da gefen hannu don kada ta lanƙwashe, ya sa ta a aljihun ƙirji.